Fassarar da Na Yi wa Ya Kaltum

Ranar babbar sallar da ta wuce ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallon yadda kuke ɓarnar nama da sunan suya, sai na ji 'yar'uwarku Zara tana yi wa 'yarta faɗa don ta kifar da kwanon man shanu. Yarinya na ta kame-kame, uwar ta daka mata tsawa:

"Daina yi mini alme-alme kamar Ya Kaltum!"

Duk kuka sa dariya, har da surukaina da ba su taɓa ganin matar ba. Ni kuwa na mayar da tsokar da ke hannuna cikin kwano. Ashe wannan kalmar ta zama gado a gidana, har ta kai ga jikoki. To ku saurara. A duk abin da na rubuta muku na rayuwata, wannan babin ne ban so rubutawa ba, kuma shi ne ya fi zama dole. Labarin da kuka sani na 'yan tsakin nan ƙarya ne, kuma ni na ƙaga shi.

Kun san ni dillalin shanu ne. Ubana da garke ya shigo Maiduguri, Larabcin Shuwa ne a bakinsa har ya koma ga Allah. Ni na tashi a kasuwar shanu, na gina gida a Bolori, na auri uwarku 'yar fataken Kano, wadda Hausa kawai take ji. Yarenmu kuwa a kasuwa nake barinsa tare da sandata. Ban koya wa ko ɗayanku ba, na ɗauka wayewa ce. Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da aka rufe kasuwar, aka ce mutanen daji na shigo da shanun sata. Mutumin da ya saba tun asuba yana tsakanin ƙahoni sai ga shi zaune a zaure yana korar ƙuda. Ba a hawa babur, ba a fita in yamma ta yi, in ka ji ƙara sai ka ƙirga 'ya'yanka. Zuciyata a lokacin ko kare ba zai ci ba.

A cikin wannan hali Kaltum ta iso. Matar wana ce, Adam, wanda ya ƙi birni ya zauna a ƙauye yana noman shinkafa. A gona mutanen dajin nan suka same shi suka kashe, ba a ko ba mu gawa ba. Ita kuma ta yi kwana uku tana tafiya a ƙasa, ta zo ƙofar gidan nan ƙafafu a kumbure, babu ƙunshi, babu takalmi, sai wata jar kaza a hammata. Duk abin da ta tsira da shi daga aure na shekara talatin ke nan. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba, danginta sun watse, ni kaɗai ta sani a garin nan. Muka ba ta ɗakin ajiya na kusa da ƙofa. Hausarta ba ta wuce sannu, na gode, lafiya, haƙuri ba. Duk abin da ya fi haka sai an kira ni in fassara. Ku kuka sa mata Ya Kaltum, yadda ake kiran manyan mata a gari, kuma uwarku ta karɓe ta hannu biyu, kada wanda ya ce muku ba haka ba.

Uwarku ce ta kawo shawarar kaji. Ta ce kowa a unguwa ya koma kiwon masu ƙwai, tunda ƙauyuka sun tashi ƙwai ya yi wuya. Na ce ni, ɗan mai garke, in koma kiwon abin da shaho ke ɗauka da ƙafa ɗaya? Amma tukunya ba ta san asali ba. Na sayar da karsanar ƙarshe da nake ɓoye da ita a bayan gida, na yi odar 'yan tsaki ɗari uku 'yan kwana ɗaya, na gyara rumfar da karsanar ta bari. Mai sayarwa ya ce kafin su iso in yi musu shimfiɗa, ko dai ɓuntun shinkafa busasshe, ko sassaƙen katako irin mai nannaɗewa. Na je wurin kafintoci a bayan Kasuwar Kwastam, na tarar mata sun kwashe sassaƙe kaf suna girki da shi, don itace ya zama zinariya tun da shiga daji ya zama sayar da rai. Abin da ya rage sai garin katako mai laushi, tari guda a gindin bango, an ce in kwasa kyauta. Na cika buhu shida na zuba a keke, ina ganin na yi dabara.

Ina zazzagewa Kaltum ta zo ta tsuguna. Ta ɗebi gari a hannu ta matse, ta buɗe, ya tsaya a dunƙule. Ta kai hanci. Ta kira sunana, da yarenmu ta yi magana, don haka ni kaɗai na ji.

"Jidda, wannan ya sha raɓa. Kuma ya yi laushi da yawa, za su ɗauka abinci ne su tsattsaga, ya toshe musu ciki. Ƙurarsa ma ta ishe su. Ka nemo ɓuntu."

"Ɓuntu sai injin casa na bakin gari. Shingen sojoji nawa ne kafin can? Kowane shinge sai na sauka na ɗaga riga kamar ɓarawo. Don 'yan tsaki?"

"Tsako ba maraƙi ba ne. Hancinsa a ƙasa yake wuni."

"Na yi kiwon abin da ya fi ki nauyi sau goma."

Ba ta yi fushi ba, da ma tsakaninmu akwai wasan ƙanin miji. Ta ce to, tunda taurin kan Shuwa ya motsa, a shanya garin kwana biyu a rana, a rufe samansa da tsofaffin takardu har su san abincinsu, kuma ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Ita ta shanya, ita ta shimfiɗa, ita ta ɗora kwanukan ruwan a kan bulo don kada su malala. 'Yan tsaki suka iso, gida ya cika da tsiyu-tsiyu. Kwanaki na farko har ni sai in tsinci kaina ina murmushi a bakin rumfa.

Bazara ce, irin ta garin nan da takalmi ke narkewa a kwalta. Bayan an ɗauke takardun, ran nan da azahar na leƙa na ga sun baje fukafukai suna haki. To mu mutanen shanu abu ɗaya muka sani. In zafi ya yi zafi, ka ɗauki bokiti ka yayyafa wa turke ruwa, ƙasa ta yi sanyi, ƙura ta kwanta, dabba ta samu sa'ida. Haka ubana ya yi, haka kowane mai rumfa yake yi a kasuwa. Na ɗebo ruwa na yayyafa da hannu, lungu-lungu. Suka daina haki, na ce ka ji aikin masu sani. Kullum bayan azahar, lokacin da kowa ya shige ɗaki yana neman inuwa, sai in yi. Saman shimfiɗar kan bushe kafin la'asar, ba mai ganewa. A rana ta huɗu Kaltum ta fito za ta yi alwala, ta kama ni da bokiti.

"Wayyo Jidda! Ka kashe su."

"Na dai cece su. Ba ki ga hakin da suke ba?"

"Ka ɗage buhun da ya toshe taga, iska ta shiga. Ka jiƙa rufin in kana so. Amma ƙasan nan sama ce kawai ke bushewa. Ka kwashe shi yau, tun kafin ya ruɓe."

Na ce mata mace da ta zo da kaza ɗaya ba za ta koya mini kiwo a gidana ba. Haka na faɗa, da waɗannan kalmomin. Ta dube ni, ta ɗauki butarta ta wuce. Washegari na sake yayyafawa, da gangan, don kada a ce na ji maganarta. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har da tuta.

Kafin mako ya zagayo suka fara. Za ka ga tsako ya ware kansa, ido a lumshe, ya miƙa wuya sama yana buɗe baki kamar mai son kuka, amma ba sauti. Da safe mu kwashe biyar, gobe goma sha biyu, jibi mu daina ƙirgawa. Rumfar ta ɗauki wani wari kamar na tsohon rumbu. Na daina yayyafin a lokacin, amma ban kwashe garin ba, don kwashewa amsa laifi ce. Kaltum kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Da waɗannan ƙafafun nata da ba su gama warkewa ba ta taka har injin casa, ta bi duk shingayen da ni namiji na ƙi bi, ta dawo da rabin buhun ɓuntu a ka. Ta shanya, ta zuba a kwali, ta rinƙa tsince waɗanda suka fara laushi tana kai su ɗakinta, don masu ƙarfi tattake su suke yi. Na sha ganinta ta ƙofa. Ruwan ɗumi da ɗan sukari take ɗiga musu a gefen baki da tsinken tsintsiya, ɗigo-ɗigo, don kada su shaƙe. Wanda kashi ya toshe wa baya ta jiƙa tsumma ta goge a hankali. Wanda ya mutu ta haƙa rami ta binne, ba ta jefa wa kyanwa. Kuma ba ta fita daga wurin marasa lafiya ta shiga rumfa sai ta wanke hannu da toka. Jar kazar tata tun ranar da tsaki suka iso take ɗaure a bayan bayi, nesa da kowa.

Uwarku hankalinta ya tashi, don ita ta kawo shawarar, kuma ta san karsanar ita ce ta ƙarshe. Ta je shagon mai maganin kaji. Mutumin bai zo ya duba ba, daga bayan kanta ya tambaye ta ko akwai kazar gida a gidan. Ta ce akwai ɗaya, daga ƙauye aka zo da ita. Ya ce shi ke nan, Hajiya, ai kin kawo cutar da kanki. Ta dawo da ƙunshin magani da wuta a ciki. Ta tura ƙofar ɗakin ajiya, sai ga kwali cike da 'yan tsakinta. Bayan la'asar ne, duk kuna tsakar gida, har da maƙwabta biyu da suka shigo jaje.

"Alhaji, zo ka gani! Kazarta ta kashe mana dukiya, sauran kuma tana kwashewa tana ɓoyewa a ɗaki. Wannan ne sakayyar? Tambaye ta!"

Kaltum ta fito. Ba ta ji kalmomin ba, amma yatsa ba ya buƙatar tafinta. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gidan nan ba ta buɗe baki, magana na zuba da yarenmu, tana nuna rumfa, tana nuna ni, tana maimaita kalma ɗaya, alme, alme. Alme ruwa ne. Wasunku daga baya kun sani, kuka ɗauka cewa take ta ba su ruwan sha. Da ta gama, kowa ya juyo gare ni. Uwarku, ku, maƙwabta, duk ido a kaina. Mutumin da aka rufe wa kasuwa, wanda ya sayar da saniya ya sayi tsaki, yanzu kuma zai ce da hannunsa ya jiƙa su suka mutu, bayan baƙuwa ta hana shi sau biyu.

"Me ta ce?" in ji uwarku.

"Ta ce a yi haƙuri."

Na gaya muku Hausarta kalma huɗu ce. Haƙuri na ciki. Ta ji, ta gane abin da na yi. Kallon da ta yi mini har yau in na rufe ido ina ganinsa, kuma ba tsana a cikinsa, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Uwarku ta ce haƙuri ba ya tayar da matacce, a yanka kazar. Ni na yanka ta, a gindin darbejiyar nan. Kuka ci da tuwo, wai wuta na kashe cuta. Ita ma an kai mata nata kason a kwano, da safe aka ɗauko kwanon yadda aka kai shi.

Ba wanda ya ce mata ta tafi, haka nake kare kaina shekara da shekaru. Amma ba wanda ya ce ta zauna. Da hantsi ta ɗaura zanen da uwarku ta ba ta, ta tsaya a ƙofa ta ce na gode. Uwarku ta nuna kwalin ta ce ta kwashe mushenta ta tafi da su. Goma sha ɗaya ne a ciki. Ta ɗora a ka ta nufi unguwar Ajilari, inda wasu 'yan ƙauyensu ke zaune a wani kango da ba ƙofa ba taga. Ina zaune a zaure ta wuce ta gabana. Na yi kamar ina gyara carbi.

Kazar ta mutu, baƙuwa ta tafi, tsaki ba su daina mutuwa ba. Sai da ya rage 'yan kaɗan na kira wani malamin dabbobi da na sani tun kasuwa. Mu biyu muka shiga rumfar. Bai ko taɓa tsako ba, ya sa takalmi ya tona shimfiɗar. Ƙasan ya yi kore da baƙi, fumfuna ta kama shi kamar tuwon da ya kwana uku. Ya toshe hanci ya ce wannan suke shaƙa, ya ci musu huhu, ba maganin da zai yi, kuma ba ruwan wata kaza a ciki. Ya tambaye ni wa ke jiƙa wurin. Na ce rufi ne ke yoyo. A bazara! Ya dube ni ya dubi rufin, ya bar zancen don girmana. Na kwashe garin na ƙone, na ce wa uwarku malam ya ce a tsabtace wuri saboda cutar kazar. Kun ga na shafa mata kashin kaji sau biyu ke nan.

Bayan wata shida, damina na ƙarewa, wata mata 'yar ƙauyensu ta yi sallama ta ajiye ƙwarya a rufe da faifai, ta ce daga Kaltum. Uwarku ta buɗe. Ƙwai ne tara, an jera su a cikin ɓuntun shinkafa busasshe. Tara daga cikin sha ɗayan nan sun rayu, ranar ce karo na farko da kowace ta yi ƙwai. Uwarku ta ce ai neman gafara take, ta soya muku. Ni na san saƙon nawa ne, kuma ba ƙwan ba ne saƙon, busasshen ɓuntun ne.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa. Kangon a kwari yake, ruwan damina ya kwanta a ciki, ƙasa duk danshi. Kusurwa ɗaya ce busasshiya, ta ɗora katako a kan bulo ta zuba ɓuntu, kajin suna can fes da su. Ita kuma tabarmarta na kan ƙasa, tana tari irin mai fitowa daga can ciki. Na tsuguna na fara da yarenmu, ina cewa ta dawo gida, ɗakinta na nan. Ta ɗaga hannu. Da Hausa ta amsa, a hankali, kalma-kalma, irin ta mai sayar da ƙwai a bakin titi.

"Jidda, yanzu na iya Hausa. Ba na son tafinta."

Na ɗauka cewa take za ta zo ta tona ni. Ku ji irin mutumin da ya haife ku: matar wana na tari a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni ina tsoron asirina. Ta gane, ta yi 'yar dariya har tarin ya sarƙe ta. Ta ce in kwantar da hankalina, 'ya'yan Jidda 'ya'yan mijinta Adam ne, ba za ta sa su raina ubansu ba. Amma gidan da aka ci kazarta ba za ta sake kwana a ciki ba. Na aika mata da gado da bargo, ta karɓi bargon ta rufe wa kaji taga da shi. Kafin azumi ya zo ta rasu. Ni na yi mata salla, mutane suna yaba mini riƙon zumunci.

Uwarku ta bi ta bayan shekara biyar, tana ganin ita aka cuta. Kada ku ɗora mata komai, abin da aka fassara mata ta yi aiki da shi. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata, sai in ce gobe. Yanzu su biyun suna inda ba a buƙatar tafinta, ni ne na rage da ku, da wannan kalmar da kuke wasa da ita. Ba na neman ku ce Allah sarki Baba. Abu ɗaya nake so, Zara ki tara yaran nan ki karanta musu, kuma daga yau kada in sake jin alme a bakin kowa sai in ruwa yake nema. An tambaye ni me ta ce, na ba da amsar ƙarya. Ga abin da ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba:

"Kazata lafiyarta ƙalau, tana ɗaure tun ranar da suka zo. Ban saci na kowa ba, marasa lafiya na ware don kada a tattake su. Ruwa ne, ruwa. Ku tona ƙasan rumfar ku gani. Jidda, ka gaya musu. Ba ni da kowa, kai ne bakina a gidan nan."